Mabuɗin Sarki a Hannun Bawa

Karatu: Ishaya 22:15-25, Luka 16:10-12
Ayar haddacewa: 1 Korintiyawa 4:2



A kowane taron addu'a, da zarar an ce a roƙi Allah ɗaukaka, sai ka ji muryoyi sun tashi har rufin majami'a yana amsawa. Wannan yana roƙon ƙarin girma a wurin aiki, wancan yana roƙon kwangila, waccan tana roƙon jari. Babu laifi a cikin haka, gama Ubanmu mai bayarwa ne, shi ne kuma yake ɗaga mutum daga ƙura ya zaunar da shi tare da manya. Amma akwai wata addu'ar da ba mu cika yinta ba, wato idan mabuɗin ya shigo hannunmu, Allah ya hana mu manta ko na wane ne. Yau za mu dubi mutum biyu da aka ba su mabuɗin dukiyar sarki. Ɗaya yana cikin Littafi Mai Tsarki, ɗayan kuwa ya yi zamaninsa a ƙasar Faransa shekara ɗari uku da wani abu da suka wuce.

Na farkon shi ne Shebna, wakilin fadar Sarki Hezekiya a Urushalima. Shi ne mai kula da gidan sarki duka, ɗakunan ajiya da ma'aikata suna ƙarƙashinsa. A kwanakin nan Assuriyawa suna barazana ga Yahuza, birni yana cikin fargaba. Me Shebna yake yi? Ya sa ana sassaƙa masa kabari na ƙasaita a cikin dutse, a wuri mai tsawo, domin ko bayan ya mutu a riƙa ɗaga kai ana duban sunansa. Ubangiji ya aiki annabi Ishaya wurinsa da tambaya mai zafi: wa ya ba shi izinin yin haka a wannan wuri? Aka faɗa masa za a tuɓe shi, a dunƙule shi a jefar da shi nesa, a kuma ɗora mabuɗin gidan Dawuda a kafaɗar Eliyakim ɗan Hilkiya. Idan ka buɗe Ishaya 36:3 za ka tarar maganar ta soma cika. Eliyakim ne wakilin fada, Shebna kuwa ya koma magatakarda.

Littafi Mai Tsarki bai ba mu labarin Shebna dalla-dalla ba, ayoyi kaɗan ne. Amma tarihi ya ajiye mana labarin wani mutum da ya bi wannan hanyar tun daga farkonta har ƙarshenta, kuma a rayuwarsa za mu ga yadda abin yake somawa a hankali.

Sunansa Nikola Fuke. An haife shi a birnin Paris a shekarar 1615, a gidan masu hali da tsoron Allah. Mahaifinsa yana cikin mashawartan gwamnatin sarki. Mahaifiyarsa mace ce mai ibada, tana cikin matan da suke aiki tare da Vinsan de Pol wajen kula da marasa lafiya da matalauta, har ta shahara da haɗa magunguna tana ba waɗanda ba su da kuɗin likita. Biyu daga cikin 'yan'uwansa maza sun zama bishop-bishop. Wato ba a gidan da ba a san Allah ba ya tashi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yaron yana da kaifin basira da daɗin baki. Ya karanci shari'a, ya yi ta hawa daga wannan muƙami zuwa wancan. A 1650 ya zama babban lauyan sarki a babbar kotun Paris. Lokacin ƙasar tana cikin tawayen da aka yi daga 1648 zuwa 1653, manya da yawa sun juya wa fada baya, amma Fuke ya tsaya tare da sarki da babban wazirinsa, Kadinal Mazaran. Da ƙura ta lafa, a watan Fabrairu na 1653, aka saka masa da muƙamin Babban Ma'ajin ƙasa, tare da wani abokin aiki. Yana da shekara 38. Sarki Luwi na 14 kuwa yaro ne ɗan shekara 14. Da abokin aikin ya rasu a 1659, baitulmalin Faransa duka ya koma hannun Fuke shi kaɗai.

Kada mu yi masa rashin adalci. Baitulmalin da aka ba shi wayam yake. Faransa tana yaƙi da Sifaniya tun 1635, sojoji suna jiran albashi, an riga an cinye harajin shekarun da ba su zo ba tukuna. Attajirai sun daina yarda da alkawarin gwamnati, domin ta taɓa ƙin biyansu. Amma sun yarda da Fuke, gama shi mai dukiya ne, ya kuma auri mace mai dukiya. Saboda haka sai ya riƙa karɓar bashi da sunansa, ya ranta wa sarki. Sau da yawa shi ne ya samo kuɗin da aka biya sojoji a bakin daga. Ya yi wa ƙasarsa aiki na gaske.

A nan ne kuma tarkon yake. Kuɗin sarki suna bi ta gidansa, kuɗinsa suna shiga asusun sarki. Shi ne mai ba da bashi, shi ne mai karɓa a madadin sarki, shi ne kuma mai yanke yawan ruwan da za a biya. Waziri Mazaran yakan aiko a ba shi kuɗi ba tare da cikakken lissafi ba, shi ma yana tara tasa dukiyar, wadda ta fi ta Fuke. A kwana a tashi, babu wanda zai iya raba na sarki da na ma'aji, har shi ma'ajin kansa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, haka cin amana yake farawa a yawancin lokaci. Ba kasafai mutum yakan tashi da safe ya ce yau zan saci kuɗin ikilisiya ba. Abin da yakan faru shi ne, kuɗin baiko suna aljihu ɗaya da kuɗin cefane. Ka ce bari in taɓa dubu biyar, ranar albashi zan mayar. Ka ce ai makon jiya ma da kuɗina na sayi man janareta, ba wanda ya biya ni. Gaskiya ne, ka saya. Amma ka rubuta? Wani ya gani? Ranar da aka daina rubutawa, ranar ce aka buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Shi ya sa manzo Bulus, da zai kai gudummawar ikilisiyoyi Urushalima, bai ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8:18-21 ya bayyana cewa ikilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya yi tafiyar tare da su, domin kada a sami abin zargi, a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Idan Bulus ya nemi shaida a kan kuɗi, wane ne ni da zan ce shafewar da ke kaina ta ishe ni?

Mu koma ga Fuke. Alamar gidansu hoton kurege ne, a ƙarƙashinsa kuma akwai take da harshen Latin mai ma'anar: ina ne ba zai hau ba? Ya sayi fili a wani wuri da ake kira Vo, kimanin kilomita 50 daga Paris, ya ɗauko gwanayen ƙasar uku, magini Luwi Lavo, mai zane Shal Labran da mai tsara lambu Andire Lanotir. Suka gina masa gidan da ba a taɓa ganin irinsa a Faransa ba, da lambuna da maɓuɓɓugan ruwa iyakar ganin ido. An sa hoton kuregen nan a wurare da dama a gidan. A 1658 ya sayi wani tsibiri mai suna Bel-Il, ya shiga ƙarfafa ganuwarsa. Duk wannan kuwa a lokacin da talakawa suke nishi saboda haraji. Ga kabarin Shebna ke nan a wata ƙasa: mutum yana riƙe da mabuɗin maigidansa, amma sunan kansa yake sassaƙawa a dutse.

A ranar 9 ga Maris 1661 Mazaran ya mutu. Fuke ya zaci shi ne zai gaje shi. Amma sarki, wanda yanzu ya kai shekara 22, ya tara ministocinsa ya shaida musu cewa daga yau shi da kansa zai riƙe mulki. Fuke bai ɗauki maganar da nauyi ba, yana ganin saurayi ne, zai gaji da takardu ya koma wasanninsa. Ya ci gaba da kawo wa sarki lissafin da aka gyara. Bai sani ba cewa akwai wani mutum mai suna Kolber, tsohon ma'aikacin Mazaran, da yake zama da sarki a asirce suna bin lissafin layi bayan layi. Kafin watan Mayu ya ƙare, sarki ya riga ya yanke shawarar kama shi.

Abu ɗaya ya rage. Muƙaminsa na babban lauyan sarki yana kāre shi, domin babbar kotun Paris ce kaɗai take da ikon yi masa shari'a, kuma yana da abokai a can. Sai aka lallaɓe shi ya sayar da muƙamin, kamar yadda ake sayar da muƙamai a zamanin. A watan Agusta ya sayar a kan livir 1,400,000, kuɗin Faransa na lokacin, ya kai wa sarki miliyan ɗaya daga ciki don neman yardarsa. Da hannunsa ya cire garkuwar da take kāre shi.

Ranar 17 ga Agusta 1661 ya shirya wa sarki biki a sabon gidansa na Vo. Fadawa suka cika gidan. Aka ci abinci iri-iri a kwanukan zinariya da azurfa, shahararren mai wasan kwaikwayo Moliyer ya nuna sabon wasa a cikin lambu, da dare kuma wutar wasa ta haskaka sararin sama. Fuke yana tsammani yana girmama sarki ne. Sarki kuwa yana duban gidan bawansa da ya fi nasa kyau, yana kuma sane da halin da baitulmalinsa yake ciki. Bayan kwana 19, ranar 5 ga Satumba, a garin Nant, Fuke ya fito daga zaman majalisa da sarki, sai wani hafsan dogaran sarki mai suna Dartanyan ya tare shi ya kama shi. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Ku lura da wannan sosai. Fiye da wata uku hukunci yana rataye a kan mutumin nan, yana cin abinci, yana dariya, ana yi masa fadanci. Shirun maigida ba ya nufin bai gani ba. Wani yana karanta wannan shafi yau, shekara biyu yana taɓa abin da ba nasa ba, ba wanda ya ce masa uffan, har ma an ƙara masa girma, sai ya ɗauka Allah ya amince. Romawa 2:4 ta koya mana cewa haƙurin Allah yana jawo mu ne zuwa ga tuba. Lokacin da kake ciki yanzu lokacin gyara ne, kada ka mai da shi lokacin biki.

Shari'ar ta ɗauki shekara uku. A gidansa na San-Mande aka sami wata takarda a bayan madubi, inda ya tsara yadda abokansa za su tashi da makamai idan an kama shi. Aka ƙara masa laifin cin amanar ƙasa a kan na cin dukiya. Ita ma shari'ar ba ta tsarkaka ba. Kolber yana son kujerar, kawunsa yana cikin alƙalai, an kuma yi wasa da waɗansu takardun shaida. Wani alƙali mai suna Dormeson ya ƙi bin son fada, ya tsaya a kan abin da shaida ta nuna, saboda haka ya rasa tagomashin sarki har ƙarshen aikinsa. Ranar 20 ga Disamba 1664 aka yanke hukunci: alƙalai 9 suka ce a kashe shi, 13 suka ce a ƙwace dukiyarsa a kore shi daga ƙasar. Sarki ya ga mutumin ya san asiran ƙasa da yawa, sai ya mai da korar ɗaurin rai da rai.

Gidan Vo fa? Sarki ya kwashe kayan ado da itatuwan lemo, ya ɗauki gwanayen nan uku suka je suka gina masa fadar Versai. Muƙamin Babban Ma'aji ma aka soke shi, Kolber ya karɓi ragamar kuɗin ƙasa da wani suna dabam. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da Fuke ya tara ya koma hannun wanda yake da shi tun farko.

Da a nan labarin ya tsaya, da gargaɗi ne kawai. Amma akwai mahaifiyar nan. Marubutan tarihinsa sun ruwaito cewa sa'ad da aka kawo mata labarin kamun ɗanta, sai ta durƙusa ta gode wa Allah. Ta daɗe tana roƙon ceton ransa, yanzu kuwa ta ga hanyar ta buɗe. Duk shekarun da Paris take sha'awar ɗanta, ita tana jin tsoro dominsa. Iyaye mata na ikilisiya, ku ji wannan. Idan ɗanki ya shigo da mota wadda albashinsa ba zai saya ba, kafin ki tashi ba da shaida ranar Lahadi, ki zaunar da shi ki tambaye shi. Ki yi addu'a domin ransa fiye da yadda kike yi domin aljihunsa.

Aka kai shi kurkukun Pinyerol a cikin duwatsun Alp, garin da yake ƙasar Italiya a yau. Ya isa a watan Janairu 1665. Aka hana shi baƙi, aka hana shi takarda da alƙalami. A watan Yuni na wannan shekarar tsawa ta faɗa a kan ɗakin ajiyar albarushi na ganuwar, ginin ya tarwatse, mutane da yawa suka mutu, amma aka tarar da Fuke da baransa da rai a cikin kangon. Allah bai gama da shi ba. Mutumin da attajiran Faransa suke layi a ƙofarsa ya koma yana haɗa tawada da baƙin hayaƙi, yana fiƙe ƙashin kaza ya yi alƙalami, yana rubutu a kan ƙyalle. Littattafan ibada su ne abokan zamansa, ya ba da kansa ga addu'a da tunani a kan al'amuran Allah. Sai a 1679 aka bar matarsa da 'ya'yansa suka ziyarce shi. Ya rasu a kurkukun a watan Maris 1680, yana da shekara 65. Mahaifiyarsa tana da rai har lokacin.

Ibraniyawa 12:5-11 ta nuna mana cewa Ubangiji yana horon wanda yake ƙauna, horon ba ya da daɗi a lokacinsa, amma daga baya yakan haifi adalci. Idan kai ne ka faɗi, an kore ka daga aiki, an karanta sunanka a gaban ikilisiya, kada ka ce Allah ya yashe ka. Gara mutum ya rasa gidan Vo ya sami ransa. Sai dai ba dole ba ne ka jira kurkuku kafin ka ji muryar Allah. Zakka mai karɓar haraji bai jira an kama shi ba. Ranar da Yesu ya shiga gidansa, ya miƙe a gaban mutane ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace har ninki huɗu, Ubangiji kuma ya shaida cewa ceto ya sauka a gidan. Ka karanta Luka 19:1-10. Tuba a kan kuɗi tana tafiya tare da mayarwa.

Wataƙila kana cewa, ni ai ba ma'ajin sarki ba ne. Amma akwai mabuɗi a hannunka. Kai ne mai jiran shagon wani. Ke ce uwar adashi a unguwa, ko ma'ajiyar zumuntar mata. Kai ne direban da ake ba kuɗin mai. Kai ne ɗan'uwanka ya rasu ya bar maka gonar marayu. Ke ce 'yar'uwarki take aiko wa kuɗin gini daga wata ƙasa. Kai ne fasto ko dattijo, baiko da zakka suna bi ta hannunka. A Luka 16:10-12 Ubangiji ya ɗaure ƙaramin abu da babba da igiya ɗaya, ya kuma yi tambaya: wanda bai riƙe amanar kayan wani ba, wa zai ba shi nasa? Da yawa daga cikinmu muna azumi domin ƙofa ta buɗe, alhali abin da ya tokare ƙofar yana cikin littafin lissafin da muke ɓoyewa.

Saboda haka ga abin da za ka yi a wannan mako. Ka raba kuɗin amana da naka, kada su kwana a aljihu ɗaya ko asusu ɗaya. Ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ranar da abin ya faru. Kada ka ƙirga baiko kai kaɗai. Ka kai lissafi tun ba a tambaye ka ba. Idan kuwa ka riga ka taɓa, ka je wurin mai kayan, ko ka nemi fasto ko wani dattijo ya raka ka, ka faɗi gaskiya, ku shirya yadda za ka biya. Kunyar yini ɗaya ce. Ruhu Mai Tsarki wanda yake taɓa zuciyarka yanzu zai ba ka ƙarfin hali.

Mabuɗin da aka karɓe daga Shebna aka ba Eliyakim, Wahayin Yahaya 3:7 ta nuna mana inda yake a yau: yana hannun Yesu. Shi ne mai buɗewa da rufewa. Shi ne Bawan da Uba ya danƙa wa kome, bai kuwa gina wa kansa gida ba, ko kabarin da aka sa shi na wani ne. Wata rana kowannenmu zai tsaya a gabansa da littafin lissafinsa. Ka shirya naka yau.

Mu yi addu'a

Ya Uba, na gode domin duk abin da ka danƙa a hannuna. Na shaida cewa naka ne, ni bawa ne kawai.

Ya Ubangiji, ka haskaka kowane lungu na lissafina. Inda na ci amana ka gafarta mini ta wurin jinin Yesu, ka kuma ba ni ƙarfin zuciya da hanyar mayarwa.

Ruhu Mai Tsarki, ka tumɓuke girman kai da kwaɗayi da son a gan ni daga zuciyata, cikin sunan Yesu.

Ya Allah, kada ka bar ni in hau inda halina ba zai iya riƙe ni ba. Ka gina ni a ciki kafin ka ɗaga ni a waje.

Ina roƙo domin 'ya'yana, da masu riƙe kuɗin ikilisiyarmu, da masu riƙe dukiyar ƙasarmu. Ka ba su tsoronka, ka kuma tsaya tare da kowane mai gaskiya da yake shan wahala saboda ya ƙi cin amana.

Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.